Wa Ke Riƙe da Igiya?

A daminar 2023, 'yan makonni bayan cire tallafin man fetur, zaman ofishinmu da ke Dutse ya koma gindin darbejiya. Wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, janareta kuwa ya zama kayan kallo, tunda litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 kafin mutum ya ƙifta ido. Sunan ofishin ba zai ƙara wa mai karatu komai ba, don haka na bar shi a aljihuna.

An ba mu mako 8 mu kwashe bayanan tsofaffin fayiloli mu zuba su a kwamfuta. Mako 6 cur ana kawo rahoto duk Juma'a cewa aiki na tafiya. Sai ran Litinin ta mako na bakwai asiri ya tonu: kusan rabin fayilolin ba su taɓuwa. Rufin sito ya yi yoyo a daminar 2022, wadda ambaliyarta ta yi wa Jigawa ɓarnar da har yau ake ba da labari. Takardu suka jiƙe suka manne da juna, gara ta bi ta ƙarasa. Yaron da aka ɗora wa bugawa, sabon ɗauka ne, ya ga haka tun makon farko ya yi gum. Sai ya riƙa juya fayilolin da suke da kyau, ya raba ɗaya gida biyu, ya sake buga wanda ya riga ya buga, don dai lissafin Juma'a ya cika.

Ranar kowa ya zo da garkuwarsa. Shugaban sashenmu ya ce, "Ni lamba ake kawo mini, kuma duk mako lambar hawa take yi. Duba zan yi in san abin da ke sito?" Hajiya mai riƙe da makullin sito ta buɗe jaka ta ce ta rubuta takarda kan rufin nan tun bara, ga kwafi. Wani abokin aikinmu, wanda ƙafarsa ta san hanyar ofishin manya fiye da hanyar teburinsa, ya ce shi ai tuni ya sanar da na sama cewa yaron ba zai iya ba. Ni ma na ce nawa aikin duba kuskuren rubutu ne, kuma na duba. Aka tsaya a kan a ba yaron takardar tuhuma. Shi kuwa yana tsaye can gefe, ya sunkuyar da kai, yana murza hular da ke hannunsa.

Baba masinja na zaune a bakin benci yana ɓare goro. Ya girmi kowa a wurin, a shekaru da kuma a aiki. A Kano aka ɗauke shi, kuma yana cikin waɗanda aka turo Dutse bayan gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Yakan ba mu labarin lokacin da ma'aikata ke sammako daga Kano su bi ta Wudil, su yi aiki su koma da yamma saboda ƙarancin gidaje, da yadda mutum uku ke karɓa-karɓa da tebur guda. Saura masa 'yan watanni ya cika shekara 35 ya ajiye aiki. Bai cika sa baki a maganar da ba a gayyace shi ba.

Sai ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, in an yi mini izini, wani zancen rijiya ne ya faɗo mini."

Shugaba ya ce, "Baba, maganar aiki muke yi."

"Ai shi ya sa na ce rijiya, Yallaɓai. Ni ina ni ina maganar manya? Kafin a kawo wuta ne dai."

Babu wanda ya ce masa ya ci gaba, babu kuma wanda ya hana shi. Ya jefa goro a baki ya fara.

Ya ce kafin ya san wani abu wai shi aikin gwamnati, haƙar rijiya ya koya. A shekarar farin 1984, lokacin Dutse na ƙaramar hukuma a ƙarƙashin Kano, rijiyoyi da yawa sun ƙafe. Mutanen wani ƙauye da ke wajen Kiyawa suka yi karo-karo suka kira su. Su biyar ne. Akwai maigidansu mai karɓar jinga, akwai na cikin rami mai sara, da mai igiya, da mai zubar da ƙasa, sai shi Baba ƙaraminsu, mai kawo ruwan sha da kai diga maƙera in ta dakushe.

"Ku 'yan boko kun san takarda," in ji shi, "amma ƙasar nan tamu iri biyu ce. In ka nausa arewa inda rairayi ya yi yawa, irin jigawar da aka sa wa jihar suna da ita, haƙa ba wuya, tsoronka ɗaya kada bango ya rufto maka. Nan kuwa kusa da duwatsu, kana cikin sara sai ka ji diga ta yi ƙara ta dawo maka, har ka ga tartsatsi. Ka tarar da fa ke nan. Garin da ake kira Dutse ai bai ɓoye wa kowa halinsa ba."

Da gaba ake auna rijiya, da gaba kuma ake biyansu. Maigida yakan shimfiɗa buzu a inuwar dabino, ya tara tsakuwa a gabansa. Duk bokitin ƙasar da ya fito sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya mayar gefe. Da yamma ya ƙirga, in lissafi ya cika ya ce madalla. Tun da aka wuce gaba biyu bai ƙara sauka ramin ba, wai gwiwa.

Suka wuce jar ƙasa, suka wuce marmara, aiki na tafiya lami lafiya. A gaba ta bakwai na cikin rami ya tarar da fa.

"To, a nan ne zancen yake," in ji Baba. "Abin da ya kamata shi ne ya ɗaga kai ya ce, jama'a ga abin da na tarar. Amma yana tuna abin da ya faru bara waccan. Wani ɗan'uwanmu ya tarar da fa a wata rijiya, ya faɗa da gaskiyarsa. Maigida ya ce masa farar ƙafa gare shi, duk inda ya shiga sai an gamu da dutse. Ya sallame shi a gaban mutane, ko kuɗin kwanakinsa bai cika masa ba. Na cikin ramin nan yana da mata da 'ya'ya uku, ga fari, hatsi ya yi tsada. Sai ya yi shawara da zuciyarsa."

Abin da ya yi shi ne ya bar ƙasa ya koma gefe. Ya riƙa kankare bangon rijiyar yana cika bokiti yana girgiza igiya. Bokiti na fita, tsakuwar maigida na ƙaruwa. Rijiya ta daina zurfi ta koma faɗi daga ƙasa, kamar tulu.

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar da ido kan goronsa.

"Mai igiya ya sani tun rana ta biyu. Igiyarsa ƙulli gare ta, kowace gaba da ƙullinta. Kwana huɗu ƙulli ɗaya ne ke tsayawa a hannunsa. Ya ce a ransa, ni ja aka ce in yi, ba awo ba. Mai zubar da ƙasa ma ya sani. Ƙasar da ke kusa da ruwa tana da danshi da sanyi, in ka dunƙula ta sai ta zauna. Wannan kuwa busasshiya ce, irin wadda muka wuce tun shekaranjiya. Shi bai yi shiru ba, ya yi magana. Amma ba a bakin rijiya ya yi ta ba. Da dare ya lallaɓa gidan mai unguwa ya ce mutumin da ke cikin ramin nan rago ne, yana da ƙane da ya fi shi ƙarfi, in za a sa baki a canza."

Hajiya ta ce, "Kai fa, Baba?"

"Ni ma na sani, Hajiya. Rana ta farko na kai diga maƙera bakinta ya lanƙwashe. Maƙeri ya juya ta ya ce, yaro, wannan ba ƙasa ta ci ba. Na dawo da maganar a bakina, na ga manya uku ba wanda ya ce uffan, sai na haɗiye ta. Na ce wane ni."

Rana ta biyar bayan azahar mai unguwa ya zo wurin maigida da ƙorafin da aka kai masa. Murya ta fara tashi a gindin dabino. Mai igiya ya ji ana cacar baki, ya ɗaure igiya a jikin gungumen da aka gicciya a bakin rijiya, ya matsa don kada labari ya wuce shi. Mai zubar da ƙasa na can tsaye bayan mai unguwa yana gyaɗa kai. A daidai lokacin ne bangon da aka yi kwana huɗu ana ci masa gindi ya saki.

"Na dawo daga ɗebo ruwa sai na ga igiya tana rawa ita kaɗai, kamar maciji ya hau ta. Yana ta girgizawa, babu hannu a sama. Na leƙa, ƙura ta rufe ko'ina, sai tari nake ji. Na yar da tulu na kwarma ihu."

Allah ya yi da sauran kwana. Ƙasa ta binne shi zuwa ƙirji, aka zura mutum biyu suka tone shi da hannu, aka fito da shi ƙafa a karye. Ana cikin yi masa fifita sai baki ya buɗe. Mai igiya ya ce shi dama ya lura igiya ba ta ƙaruwa. Mai zubar da ƙasa ya ce a tambayi mai unguwa, shi ya faɗa tun jiya. Maigida ya kwaso tsakuwarsa a tafin hannu yana nuna wa jama'a, yana rantsuwa lissafinsa bai taɓa yin ƙasa ba. Duka suka haɗu a kan cewa laifin na cikin rami ne, tunda shi ya ɓoye.

Akwai wani tsoho a ƙauyen da ya yi haƙar rijiya har ƙarfinsa ya ƙare. Yana dogare da sanda yana jinsu. Da suka gama sai ya ce, "Ikon Allah. Ashe duk kun sani. Ku da kuke sama kuna shan iska kun sani, amma wanda ke ƙasa cikin duhu, da igiyarsa a hannunku, shi kaɗai kuka bar wa faɗa?"

Baba ya ce ko tari ba wanda ya yi.

Washegari tsohon ya ce a ɗaura masa igiya a zura shi. Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Bayan an kwashe ƙasar da ta rufta an tokare bango, ya sauka da buta a hannu. Ya share fa ɗin da tafinsa, ya tsiyaya ruwa a kai, ya tsuguna yana kallo. Ruwan ya gangara gefe guda ya tsaya, can sai ya fara nutsewa ta wani siririn layi. Ya ce a nan za a kafa ƙarfe a bi shi da guduma, dutse mai tsaga ba ya gagara, kuma sau da yawa a irin ƙasar nan ruwan yana cikin tsagar ne ko a ƙarƙashinta. Suka yi kwana tara suna karɓa-karɓa, har da maigida mai ciwon gwiwa, tunda mutanen gari sun zuba ido. Fa ɗin da aka yi wa ƙaryar kwana huɗu, aka karya ƙafar mutum a kansa, kaurinsa bai wuce kamu biyu ba. Ƙasa da shi kaɗan suka tarar da danshi.

Kafin su bar garin tsohon ya kafa musu doka. In na ƙasa ya girgiza igiya sau ɗaya, a ja bokiti. In ya girgiza sau uku, kowa ya ajiye abin da yake yi, ɗaya ya sauka. Ya ce, "Kuma in kun sauka, kada wanda ya tambaye shi me ka yi. Ku tambaye shi me ka gani. Wanda ake tambaya me ka yi, gobe ba zai girgiza ba."

Baba ya kakkaɓe ɓawon goro daga rigarsa ya miƙe. "Iyakar labarin ke nan. Yallaɓai, akwai saƙon da za a kai? Na ga la'asar ta gabato."

Shugaba ya ce babu. Aka watse ba a sake ambaton takardar tuhuma ba, ba a kuma ce an fasa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi labarin ba ni dariya a lokacin. Muna tafiya wajen masallaci Hajiya ta rage murya ta ce mini, "Malam, yau Baba ya gama da Yallaɓai. Mai ƙirga tsakuwa!" Bayan salla shugaba ya ja ni gefe ya ce, "Ka ji yadda tsohon nan ya yi wa mutuminka wankin babban bargo? Mai zuwa gidan mai unguwa da dare." Shi kuma mutumin nawa, da muka haɗu wajen ajiye babura, cewa ya yi yana fata yaron ya ji, don ɓoye-ɓoye ba shi da kyau. Kowa ya ɗauki hular ya ɗora a kan maƙwabcinsa, ta kuwa zauna daram. Laifi tudu ne.

Da dariyata na isa gida. Sai da na kwanta dare ya yi shiru sannan ƙullin igiyar nan ya dawo mini. Tun mako na uku na lura lambobin fayil suna maimaita kansu. Na lura duk abin da yaron ke kawo mini na 'yan shekarun nan ne, ba na ganin tsofaffin da aka ce su ne ainihin aikin. Na lura ya daina dawowa daga sito da ƙura a riga. Sau biyu ya tsaya a bakin teburina bayan ya ajiye takardu, kamar mai son magana, na ce masa ajiye kawai ba tare da na ɗago kai ba. Na gyara masa waƙafi da babban baƙi, na sa hannu, na miƙa gaba. Na kuma san dalilin shirunsa, domin a gabansa aka yi wa wani a taron sashe. Mutumin ya ce kwamfutar da aka ba shi ba ta ɗaukar aikin, aka ce masa ya cika ƙorafi, daga ranar aka daina sa shi a duk wata tafiya mai alawus. Yaro sabon ɗauka ba ya buƙatar a karanta masa wannan darasi sau biyu.

Wani ƙanena injiniya ya taɓa ba ni labarin masana'antar motoci ta Toyota a Japan. Ya ce sun shahara da wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa mota. Duk ma'aikacin da ya ga matsala, komai ƙanƙantar muƙaminsa, yana da ikon ja. Da ya ja sai fitila ta kama, shugaban rukuni ya taho wurinsa, in ba a warware ba layin ya tsaya. Sun gano cewa tsayawar ɗan lokaci ta fi musu arha a kan kuskuren da zai bi motoci da yawa. Lokacin da ya ba ni labarin na ce wannan sai Japan. Ashe wani tsoho mai sanda a ƙauyen Kiyawa ya kafa irin dokar a bakin rijiya, shi da bai taɓa ganin masana'anta ba. Rataya igiya ba wuya. Wuyar tana wajen mutanen da ke sama, ko za su taho in an ja, da kuma irin fuskar da za su taho da ita.

Ran Talata na riga kowa zuwa. Da yaron ya iso na ce ya zo mu je sito. Ya dube ni kamar wanda za a kai wa alƙali. Hajiya ta ba mu makulli, ta ɗan yi jim, sai ta ɗaura gyalenta a ƙugu ta biyo mu. Warin ruma ya tare mu tun daga ƙofa. Fayilolin da ke jikin bango sun dunƙule sun zama curi, in ka ɗaga ɗaya sai biyar su biyo shi, gara ta yi hanyoyi a cikinsu kamar taswira. Na sauko da curi ɗaya na ajiye a ƙasa, na tsuguna.

Na ce, "Ɗan'uwa, tun ranar farko da ka shigo nan, me ka gani?"

Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Da ya buɗe baki kuwa sai da ya yi kusan rabin awa. Ashe ya riga ya ware su a ransa kashi uku: waɗanda gefensu kaɗai ya jiƙe, waɗanda za su ɓanɓaru in an shanya su a inuwa aka bi su da siririyar wuƙa, da waɗanda sai dai a nemi kwafinsu a wasu sassan. Har ya gwada guda biyu a ɓoye ya ga sun rabu. Mako shida yana yawo da wannan a cikinsa.

Muka rubuta takardar neman ƙarin lokaci, aka faɗi dalili yadda yake. Shugaba ya karanta sau biyu, ya yi tsaki, ya sa hannu. Sai da aikin ya ci wata uku a kan wa'adinsa, wasu fayilolin kuma har yau ba a samo madadinsu ba. Rufin sito ma sai da wata damina ta sake zagayowa kafin a taɓa shi. Abokin namu bai daina zuwa ofishin manya ba.

Baba ya ajiye aiki a 2024. Ranar da muka yi masa 'yar walima na raka shi bakin titi zai hau babur. Na ce, "Baba, don Allah labarin rijiyar nan, da wa kake?"

Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Haba Malam, ni da na ce maka ni ne mai kai diga maƙera? Da kaina nake." Ya ɗaga wa ɗan acaɓa hannu, ya ce a kai shi unguwar Garu.